Yadda ake auna ilimin ɗalibin digiri na biyu a kimiyyar motsa jiki da wasanni

Babu mai aikin ɗakin gwaje-gwaje da zai ɗora mutum kan injin gudu, ya sa masa takunkumin auna numfashi, ba tare da ya fara saita na'urar ba. Ana busa mata iska da sirinji mai cin lita 3 don a tabbatar tana ƙidaya yawan iska daidai, sannan a shaƙa mata gas ɗin da aka san adadin oksijin da ke cikinsa. Idan aka tsallake wannan, duk lambar da ta fito ba ta da amfani. Sai ga shi sashen da ke koyar da wannan tsantseni shi ne yake auna ɗalibansa da jarrabawar da ba a taɓa saita ta ba. Jarrabawa ma na'urar awo ce. Tana iya karkacewa, tana iya ba da amsa biyu a kan mutum ɗaya, kuma tana iya auna wani abu dabam da wanda aka kafa ta dominsa.

A fara da rubuta abin da ake son gani

Kafin a tsara tambaya ko ɗaya, malaman sashe su zauna su rubuta abin da mai riƙe da wannan digiri zai iya yi ranar da ya gama. Biyar zuwa bakwai sun wadatar. Idan suka kai ashirin, babu wanda zai bi sawunsu, za su ƙare a cikin fayil. Kowanne a rubuta shi da aikin da ido ke gani. “Ɗalibi zai fahimci yadda zuciya ke aiki lokacin motsa jiki” ba ya aunuwa, domin fahimta a cikin kai take. “Ɗalibi zai gudanar da gwajin juriya a kan injin gudu, ya tsayar da shi a lokacin da ya dace, ya kuma fassara sakamakon ga wanda aka gwada” yana aunuwa, kuma ya riga ya faɗa wa malami irin jarrabawar da zai shirya.

Tsarin da George Miller ya fitar a 1990 don auna ƙwarewar likitoci yana yi wa wannan fanni daidai. Hawa huɗu ne: ɗalibi ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gaban mai jarrabawa, sannan ya aikata a wurin aiki na gaske. Jarrabawar rubutu tana kai wa hawa na biyu ne ta tsaya. A matakin digiri na biyu, inda mutum zai fita ya taɓa jikin ɗan wasa ko na mai ciwon zuciya da ke murmurewa, aƙalla rabin hujjar da sashe ke tarawa ya kamata ta fito daga hawa na uku da na huɗu.

Daga nan sai a zana jadawali: kwasa-kwasai a jere daga sama zuwa ƙasa, manufofin a kwance. A kowane gida a rubuta ko a nan ake gabatar da abin, ko a nan ake ƙarfafa shi, ko a nan ake auna shi. Aikin yini ɗaya ne, amma yakan tona asiri. Sau da yawa za a tarar kwas huɗu suna gabatar da lissafin ƙididdiga, babu ko ɗaya da ke auna ko ɗalibi zai iya zaɓar gwajin ƙididdigar da ya dace da bayanansa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar makin ƙarshe na kwas a matsayin hujja. Maki 70 a kwas ɗin nazarin motsin gaɓoɓi ya haɗa da halartar aji, da aikin rukuni, da jarrabawa biyu. Ba ya nuna ko ɗalibin ya iya karanta jadawalin da farantin auna ƙarfin taku ya fitar. A zaɓi takamaiman aiki ɗaya ko biyu daga cikin kwas ɗin, su ne hujjar.

Jarrabawar rubutu

Tambayar da ke neman a kawo ma'anar kalma ta aji ɗaya ce. A wannan mataki a ba ɗalibi lambobi ya yi aiki da su. Mutum mai shekara 40, bugun zuciyarsa a hutu 70, mafi girman bugunsa 180, ana so ya yi atisaye a kashi 60 cikin ɗari na rarar bugun, wato tazarar da ke tsakanin bugun hutu da mafi girma: wanda ya san hanyar Karvonen, wadda ke ɗora wannan kaso a kan bugun hutu, zai kawo 136. Amma tambayar ba ta cika ba sai an ƙara mata wutsiya: idan mutumin yana shan maganin da ke rage bugun zuciya, me ya sa wannan lissafi zai ɓatar da kai, kuma da me za ka maye gurbinsa? Ana jiran ya ambaci ma'aunin jin wahala na Borg, mai tashi daga 6 zuwa 20. Haka a fannin motsin gaɓoɓi: ɗan wasa ya yi tsalle ya shafe rabin daƙiƙa a sama, tsawon tsallen ya kama santimita 31 ko kusa da haka. Sai a tambaya me zai faru da lissafin idan ya naɗe gwiwoyinsa kafin ya dira. Lokacin da ya yi a sama zai ƙaru, lissafin ya ba shi tsayin da bai yi ba. Wutsiyar ce ke raba wanda ya haddace da wanda ya gane.

Bayan an gama duba takardu, a duba tambayoyin su ma. Abu na farko, kashi nawa na ɗalibai suka ci kowace tambaya. Wadda kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi ba ta bambanta kowa da kowa, sai dai idan ta shafi kare rai ce, inda dama ana so kowa ya ci. Abu na biyu, a ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa. A aji mai mutum 30, takwas ke nan a kowane ɓangare. Idan bakwai daga na sama suka ci tambaya, uku daga na ƙasa suka ci, a cire uku daga bakwai a raba da takwas, a sami 0.5, tambaya ce mai kyau. Idan lambar ta gaza 0.2 a sake duba lafazinta. Idan kuwa na ƙasa sun fi na sama cin ta, galibi amsar da ke hannun malami ce ba daidai ba, ko tambayar tana da fuska biyu.

Makin ci kuma kada a ce 50 don haka aka gada. Hanyar Angoff, wadda ake amfani da ita tun 1971, mai sauƙi ce. Malamai biyar ko shida su ƙaddara ɗalibin da ke kan gaɓa, wanda ya isa ya wuce da ƙyar. Kowane malami ya kimanta, tambaya bayan tambaya, mutum nawa cikin ɗari na irin wannan ɗalibi za su ci. A haɗa a raba. Idan matsakaicin ya kama kashi 62 a jarrabawa mai tambaya 50, makin ci 31 ne. Jarrabawar da ta yi tsauri makinta ya sauko, wadda ta yi sauƙi ya hau.

Jarrabawar hannu

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma aka fi yin sakaci, saboda tana cin lokaci da ma'aikata. Tsarin da ya fi inganci shi ne na tashoshi, wanda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 a Dundee ta ƙasar Sikotland, aka fi saninsa da OSCE. Ɗalibi yana zagaya tashoshi, kowace da aikinta da mai jarrabawarta, ƙararrawa na kaɗawa ya matsa gaba. Tashoshi takwas zuwa goma na minti takwas ko goma sun fi tasha biyu ta rabin awa. Dalili kuwa shi ne ƙwarewa a aiki ɗaya ba ta nuna ƙwarewa a wani. Mai hannu a awon hawan jini yana iya zama bai iya kama fata don awon kitse ba, saboda haka yawan tashoshi ne ke ba da hoto na gaskiya, kuma yana rage tasirin malami ɗaya mai tsanani ko mai sassauci.

Ɗauki tashar awon hawan jini. Takardar mai jarrabawa ta ƙunshi abubuwan da ake gani: ya zaɓi maɗaurin da jakar iskarsa ta zagaye kusan kashi 80 na damtse, ya tallafi hannun daidai da zuciya, ya sassauta iskar a hankali, milimita 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. A yi amfani da abin sauraro mai kai biyu, malami da ɗalibi su ji sauti ɗaya, kowa ya rubuta lambarsa a ɓoye. Ba tare da wannan ba, malami yana ba da maki ne a kan yadda ɗalibi ya tsaya da yadda ya riƙe kaya. Kurakuran da ake gani kullum biyu ne: saurin sakin iska, wanda ke sa lambar sama ta fito ƙasa da yadda take, da ɗabi'ar kai kowace lamba ga sifiri, komai ya zama 120 bisa 80. Sannan a tuna cewa awo a zaune daban yake da awo a kan mutumin da ke taka keke ko injin gudu, ga ƙarar inji, ga hannu na motsi. Wanda zai yi gwajin juriya dole a gwada shi a yanayi na biyun.

Tashar awon kitsen ƙarƙashin fata ita ce ta fi dacewa da a auna ɗalibi da lamba tsantsa. Ana awo a gefen dama, a yi wa wurin alama da alƙalami, a kama fatar da yatsu biyu, a sa bakin ma'aunin kamar santimita 1 daga yatsun, a karanta bayan daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. Idan aka daɗe, ma'aunin yana matse ruwan jiki lambar ta yi ta sauka. A tsarin wurare uku na Jackson da Pollock, ana auna namiji a ƙirji da ciki da cinya, mace a bayan damtse da saman ƙugu da cinya. Ɗalibi ya zagaya wuraren duka kafin ya maimaita, kada ya auna wuri ɗaya sau biyu a jere, fatar ba ta koma yadda take ba. Minti goma ba su isa a yanke hukunci kan wannan ba, don haka a haɗa da aikin zango: ya auna mutum 20, kowanne sau biyu, ya lissafa kuskuren hannunsa. Ana ninka bambancin kowane awo biyu da kansa, a tara, a raba da ninki biyu na yawan mutanen, a ɗauki tushen abin da ya fito, sannan a mayar da shi kashi cikin ɗari na matsakaicin awon. Ƙungiyar ISAK, mai ba da shaidar ƙwarewa a awon jiki, tana neman kada ya wuce kashi 7.5 a matakin farko, kashi 5 a mataki na biyu. Ga ma'auni nan a shirye, ba sai sashe ya ƙirƙiro nasa ba.

Gwajin juriya ba ya shiga cikin tasha ta minti goma gaba ɗayansa, sai a gutsura shi. Wata tasha ta zama ta tantance lafiya kafin gwaji da karɓar amincewar mutum. Wata ta zama ta mataki biyu na farko na tsarin Bruce, wanda ke farawa da gudun kilomita 2.7 a awa a kan tudun kashi 10, yana ƙaruwa duk bayan minti uku. A shirya wanda ake gwadawa ya ce jiri na ɗibarsa a tsakiya, ko mai jarrabawa ya miƙa wa ɗalibi kati mai nuna cewa lambar sama ta jini ta faɗi da milimita 10 alhali aikin na ƙaruwa. Ƙa'idojin ACSM, ƙungiyar likitancin wasanni ta Amurka, sun sa wannan cikin dalilan tsayar da gwaji, haka ma idan lambar sama ta haura 250 ko ta ƙasa ta haura 115. Wata tashar kuma takarda ce kawai: ga sakamakon gwaji, shin mutumin ya kai iyakarsa da gaske? Ɗalibi ya duba ko shan oksijin ya daina hawa, ko rabon iskar carbon dioxide da ake fitarwa da oksijin da ake sha ya kai 1.10, ko bugun zuciya ya matso kusa da abin da shekaru ke nunawa.

Akwai kurakuran da ba a rama su da maki. Wanda bai tsayar da gwaji ba bayan an nuna masa alamar haɗari, ko ya bar mutum ya sauko daga keken gwajin Wingate nan take bayan daƙiƙa 30 na iyakar ƙarfi ba tare da ya ci gaba da takawa a hankali ba, ya faɗi tashar ko da ya cika sauran gidajen takardar. Jini yana taruwa a ƙafafu bayan irin wannan aiki, mutum na iya suma. A rubuta waɗannan kurakurai a sanar da ɗalibai tun farkon zango. Ba tarko ba ne.

A kuma bar tasha ɗaya ta magana kawai. A zaunar da wani a matsayin mai horar da 'yan wasa ko dattijon da likita ya turo, ɗalibi ya yi masa bayanin sakamako cikin minti biyar ba tare da kalmomin littafi ba. Ɗalibai masu ƙoƙari da yawa a nan suke tuntuɓe.

Saita masu ba da maki

Jadawalin maki mai hawa huɗu ya isa, amma kowane hawa a bayyana shi da abin da ake gani. “Madalla, da kyau, da dama, da saura” ba bayani ba ne, kowane malami da abin da yake nufi da su. Kafin ranar jarrabawa a tara masu ba da maki, a nuna musu bidiyo uku ko huɗu na tsofaffin gwaje-gwaje da aka ɗauka da izini, ko rubuce-rubucen da aka cire sunaye. Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan a buɗe. Inda aka saɓa da hawa biyu a tsaya a yi gardama har a gano kalmar da ta raba su, a gyara ta a jadawalin. Bayan jarrabawa, mutum na biyu ya sake duba kashi ɗaya cikin biyar na ayyukan ba tare da ya ga makin farko ba. Idan hukuncin ci ko faɗuwa ne, a lissafa kappa ta Cohen, ma'aunin yawan yadda hukuncin mutum biyu ya zo ɗaya, abin da ya haura 0.6 ana ɗaukarsa daidaito mai ƙarfi. Idan maki ne mai hawa da sauka, a lissafa ICC, ma'aunin kusancin makin masu dubawa da juna, a nemi 0.75 zuwa sama. Malaman wannan fanni suna koyar da waɗannan lissafe-lissafe a aji, kawai ba a saba juya su kan malaman ba ne.

Kundin bincike

Matsalar kundi ita ce ana auna shi a ƙarshe, lokacin da gyara ya wuce, kuma wanda ya duba aikin tun farko yana cikin masu hukunci, kamar ya auna kansa ne. A raba awon gida uku: lokacin kare shawarar bincike, lokacin da aka tara rabin bayanai, da ranar kariya ta ƙarshe tare da mai jarrabawa daga waje. Na farkon ya fi nauyi. A nan ake tambayar mutum nawa za a gwada da dalilin wannan adadi. Binciken wasanni ya yi ƙaurin suna wajen ƙarancin mahalarta. Don a gano bambanci mai matsakaicin girma tsakanin rukuni biyu, a bisa ƙa'idar da aka saba, ana bukatar kusan mutum 64 a kowane rukuni, babban bambanci kuwa kusan 26. Ɗalibin da ke da 'yan wasa goma sha biyu ba laifi ya yi ba, amma ya nuna ya san abin da wannan adadi zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba, ko ya sauya tsari ya gwada kowane mutum a yanayi biyu. A tambaye shi kuskuren na'urarsa nawa ne. Idan canjin da ya samu bai wuce wannan kuskure ba, bai sami komai ba tukuna. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuma sharaɗi ne kafin a taɓa kowa, ba abin ba da maki ba.

Ranar kariya, tambaya ɗaya tana bayyana wanda ya yi aikin da hannunsa: a buɗe ɗanyen bayanan, a nuna layi ɗaya, a ce ya bi shi har zuwa jadawalin da ke cikin kundin. Yanzu da manhajoji ke iya rubuta babi sumul cikin minti kaɗan, wannan ta fi duk wata na'urar gano satar rubutu amfani.

Wurin sanin makamar aiki, da abin da ake yi da sakamakon

Masu kula da ɗalibai a kulob ko asibiti ko cibiyar motsa jiki sukan cika takarda da yabo, don ba sa son ɓata wa yaro. Maganin shi ne a daina tambayarsu maki. A tambaye su, aiki bayan aiki: za ka bar shi ya yi wannan kana tsaye a kansa, ko kana kusa, ko shi kaɗai? Wannan tambaya sun saba amsa ta kullum a zuciyarsu. A karɓi amsar a tsakiyar zama da ƙarshensa. Ga masu karanta harkar gudanar da wasanni, hujjar ita ce kasafin kuɗin gasa, da tsarin kare haɗari a filin wasa, da rahoton bayan taro, duk a auna su da jadawali iri ɗaya.

A ƙarshen shekara a tara sakamakon bisa manufa, ba bisa sunan ɗalibi ba. Ajin digiri na biyu ƙarami ne, a aji mai mutum takwas ɗalibi ɗaya kashi 12.5 ne, don haka a haɗa shekara uku kafin a ce wani abu ya hau ko ya sauka. Ba dole a duba manufofi duka kowace shekara ba, biyu sun isa, a zagaye su cikin shekara uku. Idan aka ga rauni, a rubuta gyara ɗaya tak mai suna da lokaci: an ƙara awa shida na awon jini a kan keke a zango na farko, malami wane ke da alhaki, za a sake duba wannan tasha a jarrabawa mai zuwa da takardar maki iri ɗaya. Idan aka sauya koyarwa aka kuma sauya takardar makin a shekara guda, babu yadda za a gane wanne ne ya motsa lambar.